Shafa mai a addini da magani: tarihinsa da abin da ya rage ga uwaye

Duk yaron da ya yi nisa a makarantar allo ya gamu da laƙabin Almasihu Isa ɗan Maryam, domin Alƙur'ani ya ambace shi sau 11. Amma in ka tambayi ɗalibai ma'anar kalmar, har ma da wasu daga cikin masu koyar da su, sai a yi shiru. Tushenta ɗaya da "masaha" ta Larabci, wato shafa, kalmar nan ta babin alwala in an zo shafar kai. Da Ibrananci, harshen Bani Isra'ila, ana cewa "mashiyah", ma'ana wanda aka shafa wa mai. Da aka juya ta zuwa harshen Girka sai ta zama "Kiristos", kuma daga nan sunan Kirista ya fito. Malaman tafsiri sun kawo dalilai da dama na wannan laƙabi, ciki har da cewa Annabi Isa (A.S) yakan shafi marar lafiya ya warke da izinin Allah.

Wannan magana ta shafe mu yau. A kasuwannin Maraɗi da Damagaram da Tawa da Yamai, da tashoshin mota, da shafukan Facebook, kwalaben man zaitun da na habbatus sauda sun cika ko'ina, kowace da jerin cututtukan da aka ce tana kashewa. A wani gefen kuma akwai masu wa'azin coci da ke sayar da man da suka yi wa addu'a. Uwar da ɗanta ke kwance da zazzaɓi ita ce za ta yanke shawara: kwalba ko likita. Tarihin shafa mai yana taimakawa a bambance abin da ke na addini, da abin da ke na magani, da abin da ke na kasuwa.

Fata ce ta fara buƙatarsa

Kafin mai ya shiga wurin ibada, buƙatar jiki ce ta kawo shi. Ƙasashen da al'adar ta fi ƙarfi a da, Masar da Iraƙi da Sham da Hijaz, duk ƙasashen rana ne da busasshiyar iska kamar tamu. Fatar mutum tana zubar da ruwa a kullum ba tare da ya sani ba. In iska ta bushe sai zubar ta ƙaru, fata ta yi kaushi, ƙafa ta yi faso, leɓe ya tsage, kuma ta nan ƙwayoyin cuta ke samun ƙofa. Mai yana kwantawa a kan fata ya rage tashin wannan ruwa. Mutanen da ba su san bayanin ba, amma sun ga aikin da idonsu.

Shi ya sa a tsohuwar Masar mai yana cikin ladan ma'aikaci, tare da hatsi da tufa. A shekara ta 29 ta mulkin Fir'auna Ramsis na 3, fiye da shekara 1,150 kafin haihuwar Annabi Isa, masu sassaƙa kaburburan sarakuna sun ajiye aiki saboda an jinkirta musu biya. Takardar da ta adana labarin tana nan a birnin Turin na Italiya, kuma cikin abubuwan da suka yi kukan rashinsu akwai man shafawa, a jere da tufafi da kifi da ganye. Wata takardar magani ta Masar da ake kira Ebas, wadda aka rubuta kimanin shekara 1,550 kafin haihuwar Annabi Isa, tana ɗauke da haɗin magunguna fiye da 800, da yawansu an kwaɓa su da mai ko kitse ko zuma. A cikinta akwai zurma, wannan dai zurmar da ke fitowa a bayan gidajenmu.

Abin da yake da tsada, yake sanyaya jiki, yake sa fuska sheƙi, ba ya daɗewa sai ya zama alamar girmamawa. Ana tarbar baƙo da shi. A dokokin Assuriyawa na arewacin Iraƙi, zuba wa yarinya mai a kai yana daga cikin alamun an yi baikonta. Mai makoki kuwa yakan bar shafa mai har kwanakin baƙin ciki su wuce.

Man da ke keɓe mutum

Wurin Bani Isra'ila ne shafa mai ya zama aikin ibada mai dokoki. Littafin Fitowa na Attaura, a sura ta 30, ya faɗi yadda za a haɗa man keɓewa: man zaitun da mur da kirfa da wasu kayan ƙamshi biyu, kowane da awonsa. Da shi ake shafa wa Annabi Haruna (A.S) da ƴaƴansa da kayan ɗakin ibada. Nan take kuma aka kafa masa shinge. An hana kowa haɗa irinsa don amfanin kansa, an hana shafa shi ga wanda ba a keɓe ba, kuma hukuncin wanda ya karya shi ne a fitar da shi daga cikin jama'a. Tun ranar farko ke nan an hango cewa abu mai tsarki yana iya komawa haja.

Daga malaman ibada sai aka kai ga sarakuna. Littattafansu sun ce annabin da suke kira Sama'ila, wanda malaman tafsiri ke kira Shamwilu, ya zuba wa Ɗalutu mai a kai ya naɗa shi sarki, daga baya kuma ya ɗauki ƙaho cike da mai ya shafa wa Dawuda (A.S) tun yana kiwon tumaki. Alƙur'ani ya kawo naɗin Ɗalutu a Suratul Baƙara ba tare da zancen mai ba. Wanda aka shafa wa man shi ake kira mashiyah, kuma taɓa shi babban laifi ne. Da mulkin zuriyar Dawuda ya faɗi a hannun Babila, sai kalmar ta koma sunan mai ceton da ake jira.

Sarakunan Turai sun ga amfanin wannan. Pepin, mahaifin Sharlaman, ya ƙwace gadon sarautar Faransawa daga gidan da ya gada, shi kuwa ba jinin gidan ba ne. A shekarar 754 Paparoma da kansa ya zo ya shafa masa mai, shi da ƴaƴansa biyu, sai man ya tsaya a madadin jinin da ya rasa. Daga baya aka riƙa naɗa sarakunan Faransa a birnin Rems da wata ƴar kwalba da aka ce kurciya ce ta sauko da ita daga sama. A 1793 ƴan juyin juya hali suka fasa kwalbar a bainar jama'a, don su nuna cewa sarauta ba daga sama take saukowa ba. Sarkin Faransa na ƙarshe da aka shafa wa mai shi ne Charles na 10, a 1825. Ingila kuwa ba ta bari ba: ranar 6 ga Mayu 2023 an shafa wa Sarki Charles na 3 man zaitun da aka kawo daga Ƙudus, a bayan labule, ba a bar kyamara ta gani ba.

Akwai darasi a nan da ya kamata malamai su riƙe. Mutanen Faransa da Ingila sun yi imani ɗaruruwan shekaru cewa sarkin da aka shafa wa mai yana warkar da ciwon kaluluwar wuya, wanda yau aka san wani nau'in tarin fuka ne. Dubbai suna layi sarki ya taɓa su. Ciwon kuwa irin wanda yakan lafa da kansa ne na wani lokaci. Wanda ya samu sauƙi sai ya yabi hannun sarki, wanda ya mutu kuma babu mai ƙirga shi. Haka sunan mai magani ke tashi a kowane zamani, har da namu.

A ƙasar Hausa ba da mai ake ba da sarauta ba. Rawani ake naɗawa, a Katsinar Maraɗi da Gobir kuma akwai wankan sarauta. Manufar dai ɗaya ce: a yi wa jikin mutum wani abu a gaban shaidu, domin jama'a su san daga yau ba kamar kowa yake ba.

Coci da marasa lafiya

Kiristoci na farko sun ɗauki mai ta fuska biyu. Linjilar Luka ta ba da misalin Basamariyen da ya tsinci mutumin da ƴan fashi suka sassara, ya zuba wa raunukansa mai da ruwan inabi, wanda shi ne maganin rauni na wancan lokaci. Wasiƙar Yaƙub kuma, a sura ta 5, ta umarci marar lafiya ya kira dattawan coci su yi masa addu'a suna shafa masa mai. A zamanin da man zaitun ke cikin jakar kowane mai magani, addu'a da jinya tafiyarsu ɗaya.

Da tafiya ta yi nisa sai shafawar ta koma ta mai gargara. Tun wajen ƙarni na 12 Turawa suke kiranta shafawar ƙarshe, har ya zama in an ga limamin coci ya shigo da kwalbarsa, iyalin gida sun san an fid da rai. Babban taron Batikan na 1962 zuwa 1965 ne ya maido ta ga marasa lafiya gaba ɗaya. A 1972 Paparoma Bulus na 6 ya yarda a yi amfani da man wani tsiro a inda zaitun ke wuyar samu. Har yau a cocin Katolika, ciki har da na Yamai da Maraɗi, bishop ne ke sa wa man albarka sau ɗaya a shekara gab da Ista, kuma dokar cocin ta hana cinikin abin da aka tsarkake. Masu bishara da suka buɗe asibitin Galmi a 1950 sun karanta wannan aya ta Yaƙub, amma ɗakin tiyata suka gina.

Abin da Musulunci ya zo da shi

Alƙur'ani ya girmama zaitun. Allah ya rantse da shi a Suratut Tin, ya kira itaciyarsa mai albarka a Suratun Nur, ya ambaci manta a Suratul Mu'minun a matsayin abin shafawa da mahaɗin abinci. Tirmizi da Ibn Majah sun ruwaito umarnin Manzon Allah (S.A.W) na a ci man zaitun kuma a shafa shi. Buhari ya kawo hadisin Salmanul Farisi kan ladan wanda ya yi wanka ranar Juma'a, ya shafa mai ko turaren gidansa, ya tafi masallaci. A wankan gawa ana sa kafur a ruwan ƙarshe, kuma Risala ta yi bayanin sa ƙamshi a gaɓoɓin sujada na mamaci. Mai harama da aikin hajji kuwa an hana shi man ƙamshi har ya sauka.

Duk wannan tsabta ce da ado da abinci da girmama mamaci. Musulunci bai zo da wani mai da malami zai tsarkake ya zama daban da na kasuwa ba, kuma ba a naɗa halifa ko liman ko alƙali da mai ba. Man zaitun a Madina abincin yau da kullum ne. A shekarar yunwa ta 18 bayan hijira, Sayyidina Umar ya haramta wa kansa man shanu saboda talakawa ba su samu, ya koma cin gurasa da zaitun har launinsa ya canza. Abin da ya tabbata daga Manzon Allah (S.A.W) wajen jinya shi ne karatu da tofi a tafin hannu da shafa jiki, da ɗora hannun dama a kan marar lafiya ana addu'a, tare da umarnin a nemi magani. Yin tofi a ruwa ko a mai kuwa malamai sun yi magana a kansa, da yawa sun halatta, amma babu wanda ya mai da shi dalilin barin likita.

Wani labari ya fi kowane kusa da uwaye. Abu Dawuda ya ruwaito daga sahabi Buraida cewa a jahiliyya in an haifi yaro sukan yanka akuya su shafe kansa da jininta. Da Musulunci ya zo sai aka bar yankan, aka bar askin, aka musanya jinin da za'afaran. Risala ma ta kawo wannan a babin suna. Ba a rushe bikin ba, ƙazantar kawai aka cire.

Likitocin Musulmi sun ɗauki mai da ido na gwaji. Az-Zahrawi na Ƙurɗuba, wanda ya rasu wajen 1013, ya ware wani sashe na littafinsa mai sashe 30 ga turaruka da mayuka. Ibn Sina, wanda ya rasu a 1037, ya bi mayuka ɗaya bayan ɗaya yana faɗin wanda ya dace da wace cuta da wanda bai dace ba. A wurinsu kowane mai yana da inda yake amfani da inda yake cutarwa.

Mayukanmu na gida

Zaitun ba itacen gonarmu ba ne. Akwai wani danginsa na daji a kan duwatsun Azbin, amma ba a matsar mai daga gare shi. Kakanninmu da man shanu suka tashi, da man kaɗe, da man riɗi, da na aduwa, da manja da alayyadi da fatake ke haurowa da su daga kudu. Ibn Baɗuɗa, da ya ratsa ƙasar Mali a 1352, ya ga ana matsar mai daga ƙwallon wata itaciya ana girki da shi, ana kunna fitila, ana shafawa, har ana kwaɓa shi da ƙasa a yi yaɓen ɗaki. Kaɗanya ce, irin wadda ke tsaye a gonakin yankin Gaya. Gyaɗa baƙuwa ce daga Amurka ta Kudu, jiragen Turawan Fotugal suka kawo ta gaɓar Afirka, kafin ta zama arzikin Maraɗi da Damagaram a zamanin mulkin mallaka. Basilin kuwa daga ɗanyen man fetur ake tace shi, kuma a 1872 aka yi rajistarsa a Amurka.

Kalmar "shafa" a Hausa tana ɗaukar kaya biyu kamar ƴar'uwarta ta Larabci. Ana shafa mai, ana shafa fatiha, ana shafa kan maraya. Maɗori yana murza karaya da man shanu yana tofi. Ungozoma tana shafe jariri bayan wanka tana sa masa albarka. Malam yana ba da rubutu na sha da na shafawa. A hannun mutanenmu mai da addu'a sun daɗe a haɗe, shi ya sa in aka ce wa kaka kada ta sa wa cibiya man shanu, sai ta ji kamar albarkarta aka ƙi.

Inda yake amfani, da inda yake kisa

Binciken zamani ya gaskata kakanni a wani wuri. A wani asibitin yara na Dakka a Bangaladash an shafa wa jarirai bakwaini man turnesol, kuma sakamakon da aka buga a 2005 ya nuna kamuwarsu da cututtukan asibiti ta ragu da kashi 41 cikin 100. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya, wato OMS, ta ce ana iya shafa wa bakwaini man turnesol ko na kwakwa. Sai dai ba duk mai ne ɗaya ba. Wani gwaji da aka yi a Shafil ta Ingila, aka buga a 2013, ya nuna shafa man zaitun kullum na mako 4 ya raunana fatar manyan da aka gwada, na turnesol kuwa bai yi haka ba. Wannan bai taɓa albarkar zaitun ba. Zuma ma Alƙur'ani ya ce akwai waraka a cikinta, amma likitoci sun hana a ba jaririn da bai kai shekara ba.

Wuraren haɗarin sanannu ne. Cibiyar jariri rauni ce a buɗe. Ƙwayar cutar tetanos tana zaune a ƙasa da kashin dabbobi, kuma man da aka ɗebo da hannu daga ƙwarya, ko toka, ko tsumman gashi, na iya kai ta ciki. Yaron da ke shan nono lafiya sai ya kasa kama mama, yawanci a wajen kwanakin suna, jikinsa ya sandare. Abin da ake so shi ne cibiya ta zauna da tsabta a bushe, ko a sa mata maganin kuloreksidin na likita, uwa kuma ta karɓi allurar tetanos wurin awon ciki.

Maɗigar da ta faɗa alama ce ta ruwan jiki ya ƙare, galibi saboda zawo da amai. Man da aka kwaɓa aka liƙa a kai ba ya mayar da ruwa. Nono da ruwan gishiri da sukari da saurin zuwa likita ke mayar da shi. Yaron da ke jijjiga, wanda a damina yawanci zazzaɓin sauro ne ya hau kansa, ba a ɗura masa manja ko zaitun, domin mai yana sulalewa cikin huhu ba tare da ya tayar da tari sosai ba, ya haifar da ciwon huhu mai wuyar magani. Haka ma ɗiga mai a hancin jariri. A kwantar da yaron a gefensa, kada a sa masa kome a baki, a nufi likita. Ƙuna kuma ruwa mai sanyi take so na minti 20, mai yana riƙe zafin ne a cikin nama. Man zafi mai kafur ba na ƴan ƙasa da shekara 2 ba ne. Baƙin man mota ba shi da wuri a kan gyambo ko kaciya. Mayukan canza launin fata da ƴanmata ke saya su ma suna cikin lissafi: wasu na ɗauke da sinadarin da ke sirantar da fata, wasu da zaiba mai lalata ƙoda.

Malamin lakwal da malamin islamiyya suna da damar da likita ba shi da ita, domin yara na gabansu kullum, kuma yarinyar aji shida ta yau ita ce mai jegon gobe. Ana iya koya mata asalin kalmar Almasihu, da falalar zaitun, da dalilin da ya sa ba a sa wa cibiya kome, duk a darasi ɗaya, ba tare da ɗaya ya ture ɗaya ba. Uwaye kuma in mai kwalba ya jero cututtuka 20, su tambaye shi me ke ciki, wa ya auna, kuma in yaro bai samu sauƙi ba wa zai ɗauki alhaki. Kaka ta ci gaba da shafe jikanta da man kaɗe mai tsabta a lokacin hunturu, tana yi masa addu'a, ta tsallake cibiya da hanci da baki. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba, kuma irin gyaran ne aka yi ranar da za'afaran ya maye gurbin jini a kan jariri.